Munkaila Mai Rubuta Baƙin da Ba Su Taɓa Zuwa Ba

In ka shiga unguwar Liwan a Guangzhou ta tsofaffin lungunan da ake sayar da kayan da, ka wuce masu duwatsun ado, ka wuce mai gyaran agogo, akwai wani shago mai ƙofar katako da ba ya buɗewa sai ƙarfe goma. Na wani tsoho ne, Kwong. A saman shagon akwai ɗaki mai taga ɗaya da teburi da fanka mai kuka. Shekara huɗu ke nan Munkaila ɗan Maraɗi yana hawa wannan benen kullum. In ka tambayi 'yan uwa a gari aikin me yake yi, za su ce maka tafinta ne. Takardar zamansa ma haka ta ce. To ba tafinta ba ne. Rubutu yake yi.

A garin nan akwai masu tara abin da kai ko a ƙasa ka gan shi ba za ka sunkuya ba. Wani tikitin jirgin ƙasa yake tarawa, wani kwalin ashana. Akwai kuma masu tara littafin baƙi, wato babban littafin nan da ake ajiyewa kan kantar karɓar baƙi a ƙananan otal-otal na bakin teku a zamanin da. Baƙo ya sauko daga jirgin ruwa, ya rubuta sunansa da inda ya fito da inda za shi. Wani ya ƙara da cewa sauro ya hana shi sakat, wani ya yabi miyar kifi. Mutanen duk sun mutu, otal ɗin an rushe shi an kafa bene mai hawa talatin a gurbinsa, littafin kaɗai ya rage. Sai mai sha'awa ya saya ya sa a akwatin gilashi, yana buɗe shafi ɗaya duk mako kamar mai shayar da fure.

Matsalar ita ce na gasken ba su da yawa. Ruwa ya ci wasu, gara ta ci sauran. Kwong guda biyu tak ya taɓa samu a rayuwarsa, masu nema kuwa ba sa ƙarewa. Waɗanda aka fi rububi a kansu su ne na Zhanjiang, garin bakin teku a can kudu wanda Faransawa suka riƙe a da, don haka da Faransanci ake son su, da irin rubutun nan mai kwanciya na mutanen da.

Wannan rubutun kuwa a hannun Munkaila yake. Bai wuce aji shida ba a lakwal, amma a hannun Mushe Barmo ya yi shekara ukun ƙarshe, wani tsohon malami da ya ƙi jinin bik kamar me. Alƙalamin ƙarfe da tawada shunayya, shi ke nan. In harafinka ya tsaya a miƙe, rula ce za ta kwantar da shi ta bayan yatsunka. Lissafi bai zauna wa Munkaila ba, tarihi bai zauna ba, hannun nan ne kawai ya fita da shi daga makaranta.

A 2014 yayansa Maidaji ya turo shi Guangzhou ya sayo jakunkunan mata a kasuwar Shiling. Ya sayo, ya aika, shi bai koma ba. Ya zama mai raka 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai masana'anta, ya tsinci Sinancin kasuwa a baki, wanda ya isa ciniki da zagi. Ya je gida ya auro Habsatou ya taho da ita. Sai korona ta zo ta kulle hanya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Munkaila ya koma rubuta sunaye a jikin kwalaye a siton Abdul-Nasir, wani mutumin zango daga Kumasi mai aika kaya. A nan Kwong ya gan shi, ran da ya kawo wasu kujeru da za a tura waje. Tsohon ya tsaya yana kallon yadda ake rubuta sunan wata Hajiya a jikin kwali da alƙalamin maka, harafi na bin harafi kamar an ja su da zare ɗaya. Ya miƙa masa sigari, Munkaila ya ce ba ya sha. Ya miƙa masa kati.

Aikin ba wasa ba ne, kar ku ɗauka. Kwong ne ke samo tsofaffin littattafan da ba a rubuta komai ciki ba, daga gidajen da ake rushewa, takardar ta riga ta yi ja da kanta. Munkaila ne ke haɗa tawada da ƙaron da Habsatou ta taho da shi daga gida. Sannan ya zauna ya haifi mutane. Baƙo ɗaya a zaune zai rubuta shi, na biyu a tsaye, na uku da hannun hagu. Wanda ya sha giya a jirgi, sai ya girgiza teburin da gwiwa yana rubuta shi. Sunaye kuwa daga jikin kwalin magani yake tsintowa, da tsohon kalanda, ya ɗauki kan wannan ya haɗa da wutsiyar wancan. In an gama a ɗora kofin shayi a kan wani shafi ya bar zobe, a fesa ruwan gishiri a gefe, a shanya a inuwa. Munkaila bai taɓa kwana a otal na bakin teku ba. Tekun ma ta tagar jirgin sama ya fi saninta. Amma ya saukar da baƙi sama da dubu biyu, kuma babu wanda ya taɓa cewa bai ji warin gishiri a jikinsu ba.

Bai taɓa tambayar malami hukuncin aikin ba, don ya san amsar. Abin da ya riƙe shi abu ɗaya ne: jan hatimin da ke cikin aljihun teburin Kwong. Tsohon yana da wani ɗan kamfani a takarda, a nan ya sa Munkaila a matsayin tafinta. Duk shekara sai an buga wannan hatimin a kan wasiƙa kafin ofis ya sabunta masa takardar zama, kuma takardar Habsatou a jikin tasa take rataye. In tasa ta faɗi, tata ta faɗi.

Bana kuwa ba shekarar faɗuwa ba ce. Sau biyu cikin Habsatou yana zubewa. Wannan na ukun ya kai wata takwas, ga hawan jini, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗinsa take sawa. Likita ta ce ko bene kada ta hau, balle jirgi. Takardar za ta mutu ranar Alhamis ta sama. Saura kwana tara.

Ranar Talata da hantsi Kwong ya hau benen da kansa, abin da bai saba ba, riƙe da wata kwat mai warin kafur.

"Sa wannan," in ji shi. "Yau kai farfesa ne. Daga jami'ar Afirka."

"Wace jami'a, lawban?" in ji Munkaila, don haka ake kiran maigida da Sinanci.

"Kowace. Matar da ta sayi littafin ƙarshe tana ƙasa. Tambaya gare ta. Ka amsa mata da kyau ta tafi, da la'asar in buga maka abinka."

Littafin ƙarshe shi ne na goma sha biyu, kuma ya bambanta da sauran. An bugo shi da layuka tun asali, har da gurbin ranar haihuwa, wanda sauran ba su da shi. Munkaila ya cike shi cikin mako biyar, rabin hankalinsa na asibiti.

Matar 'yar ƙarama ce, furfura fat, jakar leda a hannu. Madam Liang, tsohuwar malamar makaranta daga Zhanjiang. Tana jin Faransanci kaɗan-kaɗan. Kakanta kuku ne a wani ƙaramin otal na bakin ruwa a zamanin Faransawa, shi ya sa tun da ta yi ritaya ba ta da aiki sai bin irin waɗannan littattafan. Ta gaishe shi da ladabi, ta buɗe littafin, ta fito da wata takarda da ta cika da ƙananan lambobi.

"Farfesa, baƙi ɗari biyu da sha huɗu ne a ciki. Na rubuta su duka, ina so in nemi jikokinsu. Sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Sittin da uku daga cikinsu, ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Me ke faruwa a Faransa a watan Afrilu, wata tara kafin nan?"

Kwong ya yi dariyar da ta fi ƙarfin zancen. Munkaila kuwa gumi ne ya tsatso masa a ƙarƙashin kwat.

Wallahi bai lura ba. Ta ina zai lura? A ajin Mushe Barmo yara sittin da wani abu ne, fiye da rabinsu ɗaya ga Janairu. Wanda aka haifa a ɗaka, a ƙauye, ba takarda, in an zo sa shi lakwal sai a ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne. In ya taɓo, ya isa. A yanke masa shekara, a rubuta ɗaya ga Janairu, a wuce na gaba. A wajen Munkaila wannan ba rana ba ce, abin da ake cike gurbi da shi ne in babu abin sawa. Duk sanda kansa ya gaji da ƙirƙiro kwanaki, hannunsa sai ya koma gida.

Ya gyara zama. Ya ga fuskar Kwong, ya ga aljihun teburin. Sai bakinsa ya buɗe.

"Madam, waɗannan ba Faransawan Faransa ba ne. Mutanen ƙasashen da Faransa ta mallaka ne. Sojoji, masu hura wutar jirgi, masu wanki. A jirgi ake laƙa musu sunan Nasara. A wajenmu ba a rubuta ranar haihuwa, uwa takan ce shekarar fara, ko damanar da rijiya ta rufta. Akawu ba shi da gurbin wannan. Sai ya rubuta ɗaya ga Janairu."

Ya ba ta labarin hannu da kunne, har ya gwada mata, kwat ɗin ta yi ƙara a hamata. Matar ta cire tabarau. Idonta ya kawo ruwa.

"Mutum ya rayu bai san ranarsa ba," in ji ta a hankali. "Har yanzu ana yi?"

Da ya tsaya nan, da shi ke nan. Kwong har ya fara zuba shayin sallama. Amma Munkaila ya ga ta kusa yarda, yana so ya danna ta ta yarda gaba ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya zaro fasfonsa.

"Duba, Madam. Ni kaina."

Ta karɓa da hannu biyu. Ɗaya ga Janairu, 1984. Ta daɗe tana kallo. Da za ta mayar masa, idonta ya sauka a kan yatsansa na tsakiya, inda tawada ta yi gida a gefen farce shekara huɗu, sabulu ya gaji ya bar ta. Ta koma littafin, ta juya shafi uku, ta ɗora yatsa.

"Wannan matar likita ce daga Lyon, da 'yarta mai shekara shida. Su ma a jirgi aka laƙa musu suna?"

Fankar sama kawai ake ji tana kuka.

"Rubutunka da kyau," ta ce. Ta rufe littafin ta tura shi gaban Kwong. "Ba zan kira kowa ba, kunya ba za ta bar ni ba. Na kai wa mahaifiyata shi, shekararta casa'in da ɗaya. Ta shafa shafukan nan tana kuka, wai ubanta ne ya dafa wa mutanen nan abinci."

Ta ɗauki jakar ledarta ta fita. Ko shayin ba ta taɓa ba.

Kwong bai yi ihu ba. Da ya yi ihu da sauƙi. Ya wanke kofuna, ya goge teburi, sannan ya ce, "Matar nan ta san duk mai tara littafi daga nan har Shanghai. Ba sai ta kira kowa ba. Ido kawai za ta yi musu, su gane."

"Lawban, kuskure ne. Zan sake wani, mako biyu, ba zan..."

"Cire kwat ɗina."

Ya cire. "Hatimin fa? Alhamis ta sama..."

"Meyo," in ji Kwong. Babu. Kalmar da ake gaya maka in ka tambayi jaka mai ruwan toka a Shiling. Ya juya mabuɗin aljihun teburin, ya sa a wuyansa.

Laraba Munkaila ya dawo, ƙofa a rufe. Alhamis ya dawo da lemo, Kwong ya karɓi lemon ya rufe ƙofa. Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya nufi siton Abdul-Nasir, ya same shi a kan kwali yana cin shinkafa da wake a roba.

"A'a, farfesa!" in ji Abdul-Nasir, don labari ya riga shi isowa, ko da yake rabinsa ne. "An ce jiya-jiyan nan ka sa kwat. Chale, ɗan Nijar da kwat, ai kamar raƙumi da agogo."

"Alhaji, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na gani a fuskarka. Zauna ka ci."

Bai ci ba. Ya gaya masa abin da zai iya faɗa: sun ɓata da lawban, hatimi ya maƙale, Habsatou ba ta iya tafiya. Ko Alhaji zai sa shi a kamfaninsa, ko na wata uku ne?

Abdul-Nasir ya ajiye cokali. "Massa, da hatimina na yi, wallahi da tun kana bakin ƙofa na buga maka a goshi. Amma canza kamfani ba aikin kwana shida ba ne. Sai tsohon lawban ya ba da takardar saki, a kai can, a jira, a kai nan, a jira. Wata guda in an yi sa'a. Kuma shi ɗin da ya ƙi buga maka na zama, shi zai buga maka na saki?"

"To in yi yaya?"

"Ka roƙe shi. Ka kwanta a ƙasa. Tsofaffinsu suna son a kwanta musu."

"Na kai mishi lemo."

"Lemo! Mutum zai halaka ka kai lemo. Kai dai Maraɗi ba ta koya muku roƙo ba."

Ya bi wasu mutum huɗu a ranar. Ɗaya ya ce yana Pazhou da baƙi, ɗaya bai ɗauki waya ba, ɗaya ya haɗa shi da wani mai hatimin bogi. Wannan Munkaila ya fi kowa sanin ƙarshensa, don shi ma sana'arsa ke nan. Na huɗun ya ba shi shawarar da ya fi tsoro: ku ɓuya, ai mutane na yi. E, suna yi. Ya san su. Ba sa hawa jirgin ƙasa, ba sa bin babban titi, in sun ji an ƙwanƙwasa ƙofa sai su kashe fanka. Kuma ba sa zuwa asibiti, don a kan kanta fasfo ake fara tambaya. Mace mai hawan jini da cikin wata takwas, a ɗakin da ba a iya kiran motar asibiti.

Asabar da rana ya tarar da Habsatou a kishingiɗe, ta ɗora ƙafafu kan buhun shinkafa, tana ninke 'yan rigunan da matan 'yan Ghana suka kawo mata.

"Malam, kwana huɗu ke nan ba ka dawo da tawada sabuwa a hannu ba. Mi ya faru?"

"Hutu ne. Lawban ba ya jin daɗi."

"Allah sarki. Ka gaishe shi. Takardar fa, an buga?"

"Ana kai."

Ta dube shi. Shekara bakwai suna tare, ta san "ana kai" ɗinsa. Ta kamo hannunsa ta ɗora a cikinta. "Ji wanga ɗan banza. Tun safe yake buga ƙwallo, ko hutun rabin lokaci babu." Abin ya motsa a tafin hannunsa, da ƙarfi, sau biyu. Ta ce, "Ni ba na tsoron komawa gida, ka sani. Tsorona in sake fitowa daga asibiti hannu banza. Ko a ina ne, ni dai a bar ni kusa da likita."

Litinin ya je ya yi abin da Abdul-Nasir ya ce. Ya durƙusa a bakin shagon, gaban mai gyaran agogo da masu wucewa, mutum ɗan shekara arba'in da ɗoriya. Kwong ya leƙo ya ce ya tashi, yana kore masa masu saye. Talata ma haka.

Laraba da safe ya sayi farar takarda guda a shagon kwafi, ya zauna a bakin wata bishiya, ya ɗora ta a gwiwa. Littafi goma sha ɗaya aka sayar kafin wannan, kuma duk shi ya naɗe su, shi ya rubuta adireshi a bayan kunshin, don Kwong na son masu saye su ga rubutu mai kyau tun daga waje. Bai manta ko ɗaya ba. Mai shagon kofi a Shenzhen. Likitan haƙori a Foshan. Wani mai gidajen haya da ya sayi uku. Ya jero su, kowanne da sunan otal ɗin da aka ƙirƙira masa da watan da aka aika. Rubutun ya fita tsaf.

Ƙarfe goma Kwong ya buɗe ƙofa. Munkaila bai durƙusa ba. Ya shiga, ya ajiye takardu biyu a kan teburi, wasiƙar da ke jiran hatimi da wannan sabuwar.

Tsohon ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. Ya sake karantawa.

"Mene ne wannan?"

"In babu hatimi yau, gobe kowa a cikinsu zai samu wasiƙa. Da hannuna, don su gane rubutun."

"Kai ka rubuta littattafan. Kai za a fara kamawa."

"Gobe Alhamis, lawban. Ni daga gobe kamamme ne, ko da wannan ko babu. Kai ne mai shago."

Kwong ya zauna a hankali. A lokacin ya zama tsoho sosai. "Ran da matarka ta yi ɓari na biyu," in ji shi, "wa ya rufe shago ya zo asibiti ya yi magana da likitoci? Wa ya sa matarsa ta dafa miyar kaza, ta je har wajen Musulmi ta sayo kazar don ku iya ci?"

"Kai ne."

"Ni ne. Shekara huɗu ban taɓa ce maka baƙar fata ba."

"Ba ka taɓa ba."

"To?"

Munkaila ya so ƙasa ta tsage. Duk abin da tsohon ya faɗa gaskiya ne, miyar ma har yau yana tuna ɗanɗanon cittar. Ya ji ban haƙurin ya taso masa har maƙogwaro, ya san in ya bari ya fito, shi ke nan, zai kwashi takardarsa ya fita. Ya danne shi. Ya tura wasiƙar gaba da yatsa ɗaya.

"Buga, lawban."

Wata mata ta leƙo tana tambayar farashin tulu, Kwong bai ko dube ta ba. Can ya ciro mabuɗin daga wuyansa. Ya buɗe aljihun, ya fito da hatimin, ya huhhura masa, ya danna a jan tawada, ya buga. Ƙarar ba ta kai ƙarar tafi ɗaya ba. Ya ɗauki ɗaya takardar ya yaga ta gida huɗu, duk da su biyun sun san a cikin kan Munkaila take.

"Ka hau ka kwashe tabarmar sallarka. Alƙalaman nawa ne, ka bar su. Kada in sake ganin ƙafarka a lungun nan."

A ofishin shige da fice lambarsa ta ɗari da goma sha bakwai ce. Ya zauna awa uku da fasfo biyu a hannu da wasiƙar likita da ke cewa matar ba ta iya zuwa da kanta. Da aka kira shi, jami'ar ta duba hatimin, ta duba kwamfuta, ta dube shi.

"Har yanzu a wannan kamfanin kake aiki?"

"E."

"Wane aiki?"

"Tafinta."

Ta buga abin da za ta buga, ta karɓe fasfunan, ta miƙo masa rasit. Ta ce da wannan zamansu halal ne har a gama duba takardun, asibiti ma za su karɓa. Ta ce wani lokaci sukan kira kamfani a waya su tabbatar, ya gaya wa lawban ɗinsa ya riƙa ɗauka.

Ya fito ya zauna a kan matakala, rana na dukansa, tabarmar salla a hamata. Rasit ɗin siriri ne, irin takardar da ke goguwa in ta ji gumi, don haka ya sa shi cikin ledar burodi ya ɗaure. Ya ƙirga kwanakin dubawar, ya ƙirga kwanakin da likita ta ba Habsatou. Kusan ɗaya suke. In an kira shagon, Kwong zai ɗauka, kuma abin da zai faɗa, shi da Allah.

Wayarsa ta yi ƙara. Habsatou ce.

"Malam, an samu?"

"An samu rasit. Asibiti za su karɓa."

Ya ji ta sauke numfashi mai tsawo, ta yi hamdala sau uku. "Ka ga? Na ce maka tsohon nan mutumin kirki ne. Ka yi mishi godiya dai ko?"

Motoci na wucewa. Munkaila ya matse ledar a hannunsa.

"Na yi," in ji shi. "Kwanta ki huta, ga ni nan tafe."